Agogon da na yi wa Alhaji tayi

Yau ina shiga falon Alhaji Sidi a Longsight, sai na ji agogona a bangonsa yana kiran salla da muryar rikoda!

Wata uku na yi ina zaryar Birmingham a coach kafin na same shi a gwanjo. Na katako ne, ya girmi kakana, da makulli nake murɗa shi duk Juma'a.

Alhaji dattijon unguwarmu ne, mutumin Kumasi, shi ya raɗa wa ɗana suna. Ran da ya zo flat ɗinmu ya tsaya yana yaba agogon, ni kuwa na yi kara irin ta gida, na ce ai nasa ne. Ina jira ya ce in bar abina. Sai ya ce in samo masa leda.

Na daure na tambaya: "Baba, ina kayan cikinsa?"

Ya ce, "Wannan tarkacen? Council sun kwashe da shara tun Talata. Turawa sun cuce ka, Malam, amma na sa masa batir."

Wallahi har godiya na yi masa.

Jama'a, don Allah, karar nan dole ce har a Manchester?