Koriyar Fitilar da Sabitu Ya Bari a Jahun

Ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, daidai da 12 ga Sha'aban, 1446, Allah Ya karɓi ran Sabitu Hammawa a wani asibiti a Fatakwal bayan gajeruwar jinya. A can aka yi masa sutura, a nan Bauchi aka yi zaman makoki, a gidansu da ke Jahun. Na Allah muke, wurinSa kowa ya nufa, Sabitu ya riga mu isa ne kawai. Ya bar matarsa Saudatu da 'ya'ya uku, da Gwaggo A'i, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta riƙe shi tun yana ƙarami.

Sabitu, tun muna aji ɗaya a sakandare na san ka da rashin son a yi maka ƙari a magana. Don haka abin da na gani da wanda na tabbatar kawai zan faɗa.

Mahaifinka, marigayi Alhaji Hammawa mai hoto, ya daɗe da shago a kusa da Kasuwar Muda Lawal. Angwaye da amare, 'yan makarantar da za su cike takardar jarrabawa, maniyyata, sababbin ma'aikata, manoman Zungur da suka sayar da amfanin gona suka ɗinka sabuwar riga, duk sun zauna a kan kujerarsa. Da ya rasu aka rufe shagon, aka bar kwalaye cike da nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga jikinsa. Babu wanda ya nemi kwalayen nan a rabon gado. Kai ka ɗauka, ka tafi da su Fatakwal, inda kake aiki a wani kamfanin zanen taswira, saboda a ofishinku akwai sikana mai kyau, wato na'urar da ke kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta, kuma shugabanku ya yarje maka amfani da ita a ƙarshen mako.

Can ka gane cewa damshin garin ya fi ƙarfin fim ɗin. Ya soma fumfuna, wani yana manne wa ɗan'uwansa, wani yana ɓarɓashewa a hannu. Sai aikin da ka ɗauka na nishaɗi ya koma na gaggawa.

Na taɓa tambayarka dalilin da ba ka ajiye hotunan a intanet kamar kowa ba. Ka ce mini hotunan mutanen Bauchi ne, a Bauchi ya kamata su kwana. Ka sayo wani ɗan akwatin ajiyar bayanai da bai kai bulo girma ba, ka haɗa shi da na'urar intanet ta gidan Gwaggo A'i, wato gidanku na Jahun, tun da gidan akwai sola, ita kuma ba ta cika fita ba. Ka saita kwamfutarka ta ofis yadda duk hoton da ka ɗauka da sikana zai kamo hanya da kansa, sannu a hankali, har ya sauka a falon Gwaggo. Idan saƙo yana shigowa, wata 'yar koriyar fitila a gaban akwatin takan riƙa ƙiftawa.

Gwaggo ba ta taɓa tambayar yadda abin yake aiki ba. Abin da ta sani shi ne idan fitilar na ƙiftawa, kana can lafiya kana aiki. Takan ce wa baƙi, "Ga Sabitu nan yana gaishe ni." Da farko ta saƙa wa akwatin mayafi irin wanda ta yi wa talabijin da rediyo, don kada ya yi ƙura, har ya ɗau zafi ya kashe kansa. Da ka kira ka roƙe ta ta yaye, ta ce maka, "Kai ɗan nan, ni ban saba barin kaya tsirara a ɗakina ba." Daga baya kuka daidaita: ta ɗora masa ɗan ƙyalle a ka, ta bar masa gefe yana shan iska.

A hankali labari ya bazu. Saudatu, da ke zaune a gidan tare da Gwaggo, ita ce take buɗe hotunan a wayarta ta nuna wa masu zuwa nema. Na ga Malam Jesse, tsohon malamin firamare da ke zaune a Yalwa, ya sami hoton ɗaurin aurensa da marigayiya Roda, wanda nasa kwafin ya ƙone a gobara tun da daɗewa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe kwat ɗin nan ta yi mini yawa haka, babu wanda ya gaya mini." Na ga wani direban tirela ya ga fuskar mahaifinsa a karon farko. Ba ka taɓa karɓar ko sisi ba, kuma ba ka yarda a sa hoton kowa a dandalin sada zumunta ba sai da izinin iyalinsa. Mu da muke aikin jarida mun san ba kowa ke da wannan kamun kai ba.

Hoto ɗaya ne Gwaggo take jira. Mahaifiyarta, Iya, ba ta yarda da hoto ba har ta bar duniya. Amma an daɗe ana cewa Alhaji Hammawa ya taɓa fakar idonta ya ɗauke ta sau ɗaya, tana tsince shinkafa a bakin ƙofar ɗakinta, kuma tsoro ya hana shi wankewa. Gwaggo ta tsufa, ta sha gaya maka cewa kamannin Iya sun fara ɓace mata, ko a mafarki sai dai ta ga bayanta. Asabar ɗin ƙarshe da ka yi a duniya ka kira ta ka ce, "Gwaggo, na samo Iya. Tana cikin kwalin ƙarshe, tana kan hanya." Wannan kwalin shi ya fi lalacewa, fim ɗinsa bai sake moruwa ba bayan ka ɗauka. Hotunan suna da nauyi, hanyar kuma ba sauri, kuma ba su gama wucewa ba ka faɗi ciwo.

Da labarin rasuwarka ya iso, Baffa Yero, babban gidanku, ya yi abin da kowane dattijo mai tsoron Allah zai yi. Ya sa aka kashe talabijin da rediyo, aka tattara duk abin da aka san naka ne aka kulle a ɗaki, har ranar rabon gado. Akwatin yana ciki. Gwaggo tana kallo aka zare shi daga soket.

Ana cikin zaman makoki wata abokiyar aikinka, Patience Andrawus, 'yar Bogoro, ta kira ni. Ta ce kwamfutarka tana nan a kan teburinka a kunne, amma a kulle, babu wanda ya san kalmar sirrinka. Ƙa'idar kamfani ce a goge kwamfutar duk ma'aikacin da ya bar aiki, kuma za a yi haka a farkon mako. Ta ce, "Yaya Mansir, ya gaya mini in dai an bar ta a kunne ita za ta ƙarasa aikinta. Ni na hana kowa taɓa wayar wutar. Ku a can me kuka yi?"

Na sami Baffa Yero a zaure bayan la'asar, na durƙusa na yi masa bayani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Mansir, kayan nan ba nawa ba ne, ba na A'i ba ne. Na marayu ne yanzu. In na kunna ya ƙone, me zan ce wa Ubangiji?" Ban ga laifinsa ba. Yana jan carbi, can ya tambaye ni ko hotunan da ke Fatakwal su ma na Sabitu ne. Na ce nasa ne. Ya tambaya ko akwai wata hanyar da za su zo. Na ce babu. Ya ce, "To ashe dukiyar marayun ce a kan hanya, mu kuma muka rufe mata ƙofa." Ya aika a tambayi Saudatu a ɗakin da take takaba. Amsarta gajera ce: a kunna, aikin baban yara ne. Baffa ya kira shaidu biyu daga cikin masu zaman makoki, ya buɗe ɗakin da hannunsa, ya ce a rubuta cewa an fitar da akwati ɗaya, aro.

Muka mayar da shi mazauninsa, muka haɗa wayoyin kamar yadda ka bar su. Ya yi 'yar ƙararsa, ya yi shiru. Muka yi ta kallonsa, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Gwaggo. Sai fitilar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, ta ci gaba. Gwaggo ta jawo tabarmarta kusa, ta ɗauko ɗan ƙyallen nan ta ɗora masa a ka, ta ce, "Sannu da hanya, ɗan nan." Maza da yawa a falon suka sunkuyar da kai.

Ranar Lahadi fitilar ta tsaya cak, alamar komai ya iso. Saudatu ta nemo hoton ta miƙa wa Gwaggo wayar. Gefe ɗaya fumfuna ta cinye, amma fuskar tana nan sarai: mace siririya da faifai a cinya, ta ɗago kai da alamar za ta yi faɗa. Gwaggo ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce, "Ita ce. Haka take kallon mutum in ya shigo bai yi sallama ba."

Sabitu, Baffa Yero ya ce idan an zo rabo zai nemi a bar akwatin inda yake. Saudatu ta ce in ta fita takaba za ta ci gaba da karɓar masu neman hotunan iyayensu, kuma Patience ta yi alkawarin aiko da kwalayen da ba su lalace ba. An yi wa hotunan kwafi na biyu, kamar yadda ka daɗe kana cewa za ka yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka a ƙasar da ka rasu kana baƙo. Ya sa farin cikin da ka mayar wa gidajen mutane ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga Saudatu da yara, da Baffa Yero, da abokan aikinka na Fatakwal, da dukan zuriyar Alhaji Hammawa. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya ba Gwaggo A'i haƙuri. Kai ka ce mata Iya tana kan hanya, kuma Iya ta iso. Allah Ya sada ku duka a Aljanna.