Kunyar Suruki Ta Cinye Mini Kaji

A lokacin da abin nan ya faru ni sabon ɗan ritaya ne, na bar aikin gwamnati amma halin ofis bai bar ni ba. Da kuɗin sallamata na gina ɗakin kajin ƙwai a bayan gidana da ke Kinkinau, na kwaso duk tsaurin ofis na juye a kansu. Likitan dabbobi ya ja mini kunne cewa kada baƙo ya shiga ɗakin, wanda zai shiga dole ya tsoma takalminsa a bahon ruwan magani da ke bakin ƙofa, sabon tsuntsu kuma a keɓe shi mako biyu kafin ya haɗu da sauran. Na rubuta a kwali na manna. Maƙwabcina da ya zo yi mini Allah sanya alheri ta taga ya leƙa. Maiɗakina kuwa, ranar da ta manta ta tsallake bahon, saura kaɗan in ba ta takardar tuhuma.

Ana nan sai ga surukina daga ƙauye, dattijo malamin allo, wanda ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Ya zo da jan zakara a hammata, ya ce kyauta ce, kuma yana so ya shiga ya yi wa kajin addu'a. Ni da nake tsare mutane a ƙofa, sai ga ni na sha gabansa, na baza babbar riga na rufe bahon don kada ya ga kamar na ce ƙafarsa da datti. Maiɗakina ta buɗe baki za ta yi wa mahaifinta bayani, na harare ta.

Baba ya shiga, ya dubi kajin, ya tambaya ina mazan. Na durƙusa na ce ai waɗannan ba sa bukatar namiji. Ya girgiza kai, ya ce shi bai taɓa ganin gida mata zalla ya zauna lafiya ba, ya saki zakaran a tsakiyarsu. Na ga zakaran yana gyangyaɗi, yana wani tari kamar tsohon mashayin taba. Zuciyata ta ce ɗauke shi, bakina ya ce amin. Ko bayan tafiyar Baba ban fitar da shi ba, wai gajiyar mota ce ke damun zakaran.

Kwana huɗu aka yi kajin suka fara gyangyaɗi su ma, kashinsu ya koma kore, ƙwai ya ɗauke. Kullum da safe sai in kwashe matattu in binne. Likita ya zo ya yi faɗa, ya ce a ƙona ragowar a yi feshi. Ban ɓoye muku ba, na yi hawaye a bakin ramin nan, don ƙarfina na shekaru ne nake rufewa da ƙasa. Zakaran kuwa ya warke sarai, yana yi mini cara a kan katanga.

Da Baba ya dawo jaje, maiɗakina ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya ce shi ko akuya ya sayo daga kasuwa, sai ta yi kwanaki a turke daban. Ya ce ya zaci ilimin boko ya kawo wata dabarar da ta fi tasu, shi ya sa bai tambaya ba, kuma da na faɗa masa, da har rawaninsa zai tsoma a bahon.

Ku masu kiwo, ku tsare ƙofarku ga kowa, ku keɓe sabuwar dabba ko daga hannun wa ta fito. Ku faɗa da ladabi, amma ku faɗa. Ni na yi shiru don kada in ɓata wa dattijo rai na minti ɗaya, na bar shi da nauyin kajina a zuciya, har yau in ya zo gidana ba ya iya cin ƙwai.