Intisar Ba Ta da Surutu

Ƙanwata Intisar kurma ce tun haihuwa, amma duk unguwarmu a birnin Zarka babu wanda ya kai ta surutu. Da hannu take yi. In ta fara ba ki labari sai shayinki ya huce ba ki kurɓa ba. Mahaifiyarmu kan kama mata yatsu ta ce, "Ke, bari mutane su ci abinci."

Tun tana budurwa take ɗinki a shagon ƙungiyar kurame, wani ɗaki a ƙasan bene mai warin man keke. Rigunan 'yan makaranta suke ɗinkawa, abin da ake biyansu kuwa bai taka kara ya karya ba, ni kaina na sha yin mita a kai. Amma a can ita ce gidan rediyo. Wadda aka yi wa baiko, wadda ta yi yaji, ita da aminiyarta Nuhad ke yaɗawa daga wannan bango zuwa wancan, kekuna na ta gudu.

Bara aka ce zamanin killace nakasassu ya wuce, za a rufe shagon a shigar da kowa cikin jama'a. Ustaz Hammam, jami'in shirin, mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Shi ya samo mata aiki a wani kamfanin kayan zaƙi a Amman, tana jera baklawa a kwali. Albashi cikakke, ga asibiti kyauta, ga motar ma'aikata. Har guɗa na yi.

Matan da ke layin aikinta suna mata murmushi, suna miƙa mata ƙosan falafel lokacin hutu, sannan su juya su ci gaba da hirarsu. Hannuwanta cikin safar roba suke wuni. Babu wanda ya zage ta ko ya cuce ta, ba ni da abin da zan kai ƙara a kai.

Ran da na leƙa ta, shugabansu Abu Laith ya tare ni da fara'a. "Umm Kusai, ƙanwar nan taki zinariya ce. Ba gulma, ba waya, ba ta da surutu ko kaɗan. Da duk haka suke, ai da na huta."

Na ce, "Allah ya saka da alheri." Ban ji haushi ba. Ban ji komai ba ma, kuma wannan ya fi ba ni tsoro.

Yanzu in ta dawo sai ta ci abinci ta kwanta. In na tambaye ta ya aiki, sai ta ɗaga mini babban yatsa, irin yadda take yi musu a can.

Abu ɗaya ta taɓa roƙo. Da ta samu labarin kamfanin na son ƙarin kurame, ta sa na zo ranar da Ustaz Hammam ke zagaye, in yi mata tafinta. A kawo Nuhad layinta, ko shara ce a ba ta.

Ya ce, "Ai an ɗauki Nuhad. Reshen garin Irbid za ta."

"Me ya hana nan, Ustaz?"

"Haba Umm Kusai, in muka haɗa su ai mun koma gidan jiya. Kai za su haɗa su ƙyale kowa. So muke su saje da mutane."

Intisar na kallon hannuna tana jira. Na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Ta gyaɗa kai, ta duba agogon bango, ta nuna mini hutunta ya ƙare.