Ledar da Ban Ɗaga Ba

Wata Talata ce cikin hunturu, ina da shekara tara, na fito makaranta na ga farar motar masu kamen baƙi marasa takarda, mai raga a tagoginta, tsaye a bakin layinmu na unguwar Sa'alaba. Masu shaguna sun sauke ƙofofi rabi, ba mai ɗaga murya. Ban ma tsaya kallonta ba, hankalina yana kan igiyar tsallen da Sumayya ƙawata ta zo da ita.

A saman benenmu akwai ɗakin leda na kakata, Inna Delu. Aikin umra ne ya kawo ta ƙasar, ta ƙi komawa, saboda haka ba ta da iƙama, wato takardar zama, kuma duk gidan mun san ranar da aka gan ta an rabu da ita ke nan. Da katakon da Baba ya tsinto a unguwar Khumra aka kafa ɗakin, aka lulluɓe shi da leda mai kauri. A ciki ta jera akwatunan kifi da gwangwanayen madara, ta shuka yakuwa da lalo da kuɓewa, irin da ta ƙullo a bakin zanenta daga ƙauyensu. Larabawa kan yi dariyar abin da muke kira sanyi, amma iskar teku mai gishiri tana ƙone kuɓewar Inna, tattabaru kuma su ƙarasa saura. Ruwan alwalar gidan kaf a bokiti ɗaya ake tara mata shi. Ta fi tausayin ganyen nan a kan mu jikokinta, ni kuwa ina jin haushin haka ƙwarai.

Aikina ɗaya ne: in ɗaga ledar da safe kafin makaranta, in sauke ta da magariba. Inna ba ta hawa sama da rana, don daga titi ana hango kan mutum. "Ganye ma numfashi yake yi," in ji ta kullum. "Kika bar shi a rufe zuwa azahar, kin dafa min miya ba tukunya."

Ran nan na makara, na ruga ban ɗaga ba. Sai da na ga motar ta matso gindin benenmu na tuna. Na ɗaga kai. Ledar ta yi gumi fari fat, ga Inna da jan ɗankwalinta tana naɗe ta a hankali, kamar mai naɗe tabarmar salla. Daga baya Umma ta faɗa min ta riƙe mata zane ta ce, "Inna, halas, ya isa haka, bar su su mutu!" Ta fizge. Ɗaya daga cikin mutanen motar ya cire tabarau ya dubi sama.

Da suka tafi da ita, ko takalminta na kirki ba ta ɗauka ba. Bayan sati uku ta bugo waya daga can ƙauyensu, ta ce a ba ni. Na shirya shan faɗa. Sai ta ce, "Hauwa'u, kin ɗaga yau?"

Kuɓewar ta yi 'ya'ya har ta ishi maƙwabta, ni dai ban iya cin miyarta ba. Yanzu a unguwar Bagdadiyya nake aure, ganye kuwa a kanti nake saye, wankakke, a ƙulle cikin leda. Inna ta rasu ban sake ganinta ba. Har yau in na shigo da shi gida, kafin in cire mayafi sai na fara yage bakin ledar.