Rabin Garkuwar Jikata

Baban mijin 'yata ɗan asalin Ireland ne, ko da yake a garin Annandale, a nan Amurka, aka haife shi. Ranar da na fara shiga falonsa, ko ruwa ban gama sha ba ya ja ni gaban wani katako mai siffar garkuwa da ke rataye a bango. Wai tambarin zuriyarsu ne. Na duba, sai ga aladen daji a tsakiya, haƙora waje. Na ce a raina, ikon Allah, mutum da mutuncinsa ya rataye alade a falo!

Tsohon bai bar ni na zauna ba sai da ya yi mini karatun kowane launi. Kore fata ne na alheri da riƙon amana. Ja na waɗanda suka tsaya a fagen yaƙi ne. Ruwan zinariya kyauta ce. Aladen kuwa, wai dabba ce da ba ta juya baya ko an taru a kanta. Ina gyaɗa kai ina "to, to", hankalina na kan cunkoson hanyar komawa gidana a Bowie.

Da 'yata ta samu ciki, sai ya ce zai sassaƙa wa jaririyar garkuwa tata, don kafinta ne kafin ya yi ritaya. Rabi nasu, rabi namu.

"Kawo mini alamar gidanku," in ji shi.

Na yi dariya. Mu a kudancin Kaduna ba a bango muke rataye tamu ba, a fuska take. Marigayi babana yana da tsaga a kumatu, wadda in ya shiga kasuwar wani gari, tsofaffi kan faɗi gidansu tun bai buɗe baki ba. Mu 'yan makarantar mishan ba a yi mana ba. Na ce wa tsohon wannan ai mai sauƙi ne.

Ashe ba girin-girin ba, ta yi mai. Na zauna zan zana, hannuna ya tsaya. Layi uku ne ko huɗu? Daga gefen baki suka tashi ko daga kunne? Ina jin muryar babana, ina ganin yadda yake tauna goro, amma tsagar ta ƙi zuwa. Na ɗauko hotonsa guda da muke da shi, sai na tarar mai hoton ya yi masa gwaninta, ya goge kumatun sumul. Wayyo, ranar na yi kuka.

Na kira gwaggona, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu.

"Gwaggo, tsagar Baba fa, yaya take?"

"Ke 'yar nan, sai yanzu? Idona ya tafi, waɗanda suka sani kuma suna ƙasa. Ni dai na san ƙanena kyakkyawa ne."

Tsohon ya yi ta jira har aka haihu. Bai matsa mini ba, mutumin kirki. Daga ƙarshe ya shafa wa rabinmu farin fenti, ya ce fari ma launi ne a wurinsu, salama yake nufi.

Garkuwar tana ɗakin jikata yanzu. Baƙi sukan tambayi ma'anar farin gefen, tsohon kuma ya amsa da fara'a cewa mutanen kakarta masu son zaman lafiya ne. Sai su juyo su yi mini murmushi. Ni kuwa na san ba salama ba ce a wurin, fuskar ubana ce na manta.