Susar da Mushe Bai Nema Ba

Mijin yayata malamin Faransanci ne, ko in ce ya taɓa zama. An ce wa ɗalibai su riƙa kiran sa Monsieur, bakinsu ya murɗe kalmar ta koma Mushe, sunan kuwa ya bi shi har gida. Da farko yakan ɓata rai, ya tsaya yana turo leɓe gaba yana nuna musu yadda ake furtawa. Aikin baban giwa ya yi. Har mai gadin makaranta Mushe yake ce masa, cikin ladabi, yana rusunawa. Ni kuwa da nake ƙanwar matarsa, abin nema ya samu. In na shiga gidan sai in toshe hanci in tambayi Yaya ko ba ta jin wani ɗan wari. Sai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce Allah ya shirye ni, ya mai da kai ga littafinsa.

Kusan iyakar hirarsa ke nan a gida. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga wa Yaya murya ba, amma ka ce sayen magana yake yi. Yaya takan ce duk maganar da Allah ya ba shi a aji yake ƙarar da ita, ya kawo mata ɓawon. In ta matsa masa, amsa ɗaya ce: ta bari ya yi ritaya, akwai zancen da za su zauna su yi. Ta riƙe wannan alkawari kamar yadda ake riƙe kuɗin mota a tafin hannu. Yaransu suka girma suka watse, tana nan tana jiran zance.

Sau ɗaya na taɓa ganin sa a aji, ranar da ya manta tabarau aka aike ni da shi. Na tsaya a taga na kasa gane mutumin. Hannunsa fari fat da alli, rigarsa ta jiƙe a baya, yana kai da kawowa gaban allo yana rera wani jerin kalmomi, yara suna amsawa kamar masu jin barci. Daga baya na ji cewa wannan darasi shi ne abin faɗansa da shugaban makaranta. Wani lokacin fi'ili ne da suke kira imparfait du subjonctif, ba ya fitowa a jarrabawa, masu harshen ma sun daina magana da shi. Shugaba ya ce ya bar ɓata wa yara lokaci. Mushe ya ce to, ya yi kunnen uwar shegu, duk ƙarshen shekara sai ya koyar da abinsa. Wani ɗalibi ya taɓa tambayar sa ranar da za su yi amfani da shi, ya ce babu ranar, amma ai kowane gida yana da kwanon da ba a ci a ciki.

Ya yi ritaya, aka ba shi agogon bango. Bai gama zaɓar inda zai kafa ƙusa ba hawan jini ya kayar da shi a tsakar ɗaki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Da aka sallamo shi daga asibiti muka mai da gadonsa falo kusa da taga, saboda keken guragu ba ya shiga ƙofar uwar ɗaki. Tun ranar ban sake ce masa Mushe ba. Sunan ya daina ba ni dariya.

Hausa ta ɓace masa ƙaf. Ko "ruwa" ba ya iya cewa, sai ya nuna kofi da ido. Amma wata rana da hantsi, Yaya tana goge masa fuska, sai ya buɗe baki ya fitar da wasu kalmomi tiryan-tiryan, babu gargada. A cikinsu abin da kunnenmu ya kama ɗaya ne, yana ta dawowa: sus, sus, sus.

Yaya ta saki tsumma ta ce susa yake so. Ta zura hannu cikin rigarsa ta shiga sosa masa baya, tana dariya tana hawaye, tana cewa ai ga shi bakin ya fara dawowa. Ni ma na yarda. Mutumin da ke kwance wuni guda, me zai hana bayansa ƙaiƙayi? Daga nan abin ya zama aikin gida. Da ya fara, wanda ke kusa sai ya miƙa hannu. Aka canza masa sabulu, aka shanya katifa a rana, aka sayo man shafawa. Ɗansu ya aiko da sandar susa mai ɗan hannun roba. Shi kuwa ana sosawa yana ci gaba da jerinsa, wani lokaci ya runtse ido, hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye. Muka ce daɗi ne.

Abin da ya fara damu na shi ne, kullum a wuri ɗaya yake tsayawa. Ya faɗi na farko, ya faɗi na biyu, sai ya dakata ya zuba wa Yaya ido, kafin ya wuce. Kuma rerawar ta yi mini kama da wadda na ji ta taga. Na ɗauki muryarsa a waya na tafi makarantar.

Ajinsa ya zama ɗakin ajiye karyayyun kujeru. Malamar da ta gaje shi, yarinya ce mai fara'a, a ƙarshen baranda na same ta tana duba takardu. Ta saurara har sau biyu tana yamutsa fuska, ta ce ta san fi'ilin amma wannan siga tun a jami'a rabonta da ita. Ta lalubo a wayarta ta nuna mini: que je susse, que tu susses, qu'il sût, har ƙasa. Ta ce fi'ilin savoir ne, wato sani. Na ce to me yake nufi? Ta yi ɗan tunani, ta ce sigar ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an jingina ta da wata magana ta buri ko ta tilas da ta riga ta wuce. Na farkon kamar ka ce an so a ce na sani. Na biyun, an so a ce ka sani, ko kin sani.

Na tambaye ta sanin me. Ta ce ai wannan ba ya cikin jerin, mai magana ne ke ƙarasawa.

Ban wuce gida ba, na biya wurin likitan da ke duba shi. Ya ce kada mu ɗora wa abin ma'ana. Masu irin wannan ciwo, in ji shi, wani ƙirga kawai yake iyawa, wani waƙa, domin abin da harshe ya maimaita shekara da shekaru yana fita ba tare da ya bi ta tunani ba. Game da dawowar magana kuwa, ya ce watannin da ake sa rai sun wuce. Ya faɗa a hankali, yana kallon teburinsa.

Na fito ina jin haushin kowa. Na likita, na malamar, har na Mushe kansa, mutumin da aka ba shi baki lafiyayye shekara da shekaru ya yi ta adana zance kamar ba za a mutu ba. Na rasa wanne ya fi muni: a ce yana da abin faɗa ya maƙale, ko a ce babu komai sai tsohon darasi yana juyawa. Na yi niyyar in yi shiru. Amma Yaya ta san fuskata tun ina goye, tana gani na ta ce in faɗa.

Na faɗa mata duka, har da na likita. Na likitan ko kallo bai ishe ta ba. Ta wanke hannu, ta ja kujera gaban gadon, ta zauna daidai inda idonsa ke iya kaiwa. Ba mu daɗe ba ya fara. Ya faɗi na farko, ya faɗi na biyu, ya tsaya yana kallon ta.

Ta ce, "Malam, ga ni. Me ka so in sani?"

Ya yunƙura zai yi magana. Hannunsa mai lafiya ya damƙe zanen gado. Na rantse na ga mutum a cikin idon nan yana dukan ƙofa. Sai bakin ya buɗe, abin da ya fito shi ne na uku, sannan na huɗu, har ya kai ƙarshen jerin kamar yadda ya saba kai yara. Ya huta kaɗan, ya koma farko.

Can Yaya ta matsa, ta zura hannu cikin rigarsa ta fara sosa masa baya.

Na ce, "Yaya, ai na gaya miki ba susa yake nema ba."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Na ji ki. To in ba ita ba, me nake da shi da zan ba shi?"