Kwamfutar Ɗangiwa Mai Ladabi

Ɗangiwa mai goro na kasuwar Kebbe bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi. Ko akuya ta yi tari, yana da bayani.

Da 'yarsa Rauda ta kawo masa kwamfutar hannu daga Tambuwal don ya riƙa sauraron wa'azi, sai ya jona ta da caji a rumfarsa, ya toshe kunnuwa da iyafis. Maimakon muryar malami sai wani zuuu kamar ƙudan zuma sun tare masa a ka. Ya ɗiga man shanu a kunne, a banza.

Ran nan ya yi alwala, ya tuɓe takalman robarsa, ya taka ƙasa da jiƙaƙƙun ƙafafu, ya dafa bayan na'urar. Ƙarar ta lafa. Nan take bayani ya samu: kwamfutarsa ladabi gare ta, ba ta yarda a ji wa'azi da takalmi. Daga ranar, ko goro ka zo saye sai ka tuɓe takalmi.

Rauda ta zo ganin gida, ta tarar da takalma jibge a bakin rumfa.

"Baba, cajar ce jabu, ita ke kawo ƙarar," ta ce, ta zare ta.

Zuuu ya ɗauke ɗif, ga shi kuwa takalmanta na ƙafarta.

Ɗangiwa ya leƙa hagu da dama, ya rage murya. "Maida ta, ɗiyata. Na riga na gaya ma Kebbe duka."